Tara Tsofaffin Kuɗin Rumawa: Ilmi Ne Ko Ɓarna?

Akwai wata sha'awa da ta daɗe a ƙasashen Turai, wadda idan aka ba Bahaushe labarinta da farko sai ya ɗauka rashin aikin yi ne. Mutum da hankalinsa ya ɗauki kuɗin da ke ci, ya sayi kuɗin da ya daina ci tun shekara 1,600 da suka wuce, ya kai gida ya jera a akwati, dare ya yi ya kunna fitila yana duba shi da madubin ƙara girma. Sha'awar kuwa ba ta yau ba ce. Marubucin tarihin nan Suwetoniyus ya ce Kaisar Ogustus kansa yakan ba mutane kyautar tsofaffin kuɗi da na ƙasashen waje a lokacin biki. A shekarar 1354 kuma mawaƙin Italiya Fetirarka ya tarbi Sarki Cals na huɗu a birnin Mantuwa, yana kan hanyarsa ta zuwa birnin Rum a naɗa shi, ya miƙa masa kuɗin kaisarorin dā, ya ce masa ga waɗanda ya gada, sai ya yi koyi da su.

A zamaninmu wannan sha'awa ta sauko daga fadar sarakuna ta shiga hannun talakawa. Abin da ya sauko da ita kuwa shi ne kuɗin ƙarshen daular, watau waɗanda aka buga tun daga tsakiyar ƙarni na 3 har zuwa ƙarshen ƙarni na 5 na Miladiyya. Kwabban tagulla na wannan zamani an buga su miliyoyi bisa miliyoyi, har yau garma tana tono su a gonakin Ingila da Bulgariya da Turkiyya da Tunisiya, saboda yawansu kuwa ana iya sayen wani a kan abin da bai kai dala 10 ba. Manyan masu tarawa sukan raina su, su ce aikinsu ba shi da kyau, fuskokin sarakunan duk sun yi kama da juna. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kwabban nan da aka raina sun fi zinariyar Ogustus amfani ga mai neman ilmi, domin shaidu ne a kan yadda gwamnati ta yi da kuɗin talaka. Amma fa shaida ba ta da amfani sai an san inda take lokacin da abu ya faru. Saboda haka tarawar da ke kiyaye wannan shaida ilmi ce, wadda ke ɓatar da ita kuwa ɓarna ce, ko da mai yinta bai yi nufin ɓarna ba.

Baki da jiki

Kowane kwabo yana da baki, yana da jiki. Bakinsa shi ne rubutu da hoton da hukuma ta buga a kansa, a nan ne sarki ke faɗa wa jama'a abin da yake so su gaskata. Jikinsa kuwa shi ne ƙarfen da aka yi shi da shi, da nauyinsa, da faɗinsa. Sarki yana da iko da baki, ya rubuta abin da ya ga dama. Jiki kuwa sai abin da baitulmali ke iya bayarwa. Duk daɗin karatun kuɗin ƙarshen daular Rum yana cikin gwada waɗannan biyu da juna.

Mu fara da jiki. A zamanin Ogustus, wanda ya rasu a shekara ta 14, dinarin azurfa na Rumawa yana da nauyin kusan giram 4, kuma azurfa ce kusan zalla. A shekara ta 64 Nero ya rage masa nauyi, ya ƙara masa jan ƙarfe. Waɗanda suka biyo bayansa suka ci gaba da ƙari kaɗan kaɗan, har ya zamana a zamanin Sabtimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, kusan rabin dinari ne kaɗai azurfa. A 215 ɗansa Karakalla ya fito da sabon kuɗi, mai hoton sarki da kambi mai tsinkaye kamar hasken rana. Galibin masana sun yarda an sa shi a kan dinari biyu, alhali in an auna shi bai wuce nauyin dinari ɗaya da rabi ba. Rabin dinarin da ya ɓace haraji ne da ba a yi shelarsa ba.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Albashin soja shi ne babban abin da ke cin kuɗin daular, soja kuwa shi ke naɗa sarki, shi ke tuɓe shi. Tsakanin 235 da 284 an yi kaisarori fiye da 20, mafi yawansu kashe su aka yi. A 260 Sarkin Farisa Shafur ya kama Kaisar Baleriyan da rai. Kowane sabon sarki sai ya saya wa kansa biyayyar rundunoni, azurfa kuwa ba ta ƙaru ba, saboda haka sai a narke kuɗin jiya a ƙara jan ƙarfe a buga na yau. Kafin ƙarshen mulkin Galiyenus a 268, azurfar da ke cikin kuɗin ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce da ɗan farin shafe a sama, in ta yi yawo a hannu sai jan ya bayyana.

To, me bakin waɗannan kuɗi yake cewa? Wasu na Galiyenus an rubuta musu ABVNDANTIA, watau yalwa. Wasu an rubuta FIDES MILITVM, watau amanar soja. Shi kuwa Galiyenus manyan hafsoshinsa ne suka ƙulla aka kashe shi a bakin ganuwar Milan. Wanda ya riƙe wannan ɗan kwabo, ya karanta rubutun, ya ɗora shi a ma'auni, ya sami darasin da ba kowane littafi zai ba shi ba.

Kaisar Oreliyan ya yi ƙoƙarin gyara. Sai da ya yaƙi ma'aikatan gidan buga kuɗi na birnin Rum da suka yi masa tawaye, sa'an nan a 274 ya fito da kuɗi mai alamar XXI, wadda aka fi fassarawa da cewa kashi 20 na tagulla ne da kashi 1 na azurfa. Ku lura, ya kai matsayin da gwamnati ke alfahari da azurfa kashi 5 cikin 100, har tana buga shi a fuskar kuɗi.

Dokar farashi ta 301

Diyokilishiyan, wanda ya hau mulki a 284, shi ne ya yi babban yunƙuri. Wajen 294 ya buga sabon kwabo babba mai nauyin giram 10, da shafen azurfa, wanda masu tarawa ke kira folis. Farashi bai tsaya ba. A 301 sai ya kafa dokar da ta ƙayyade farashin kaya da ladan ayyuka fiye da 1,000, wanda ya ƙetare hukuncinsa kisa. An sassaƙa dokar a jikin duwatsu, an sami gutattsarinta a garuruwa da dama, musamman a kufan Afrodisiyas da ke Turkiyya ta yau. Daga cikinta muka san cewa babban mudun alkama na gwamnati dinari 100 ne, laba ɗaya ta naman sa dinari 8, aski dinari 2. Ɗan ƙwadagon gona ladansa dinari 25 a yini tare da abinci, watau sai ya yi aikin kwana huɗu kafin ya sayi mudun alkamar nan. Malamin da ke koya wa yara karatu yana karɓar dinari 50 a wata a kan kowane yaro. Laba ɗaya ta zinariya kuwa dinari 72,000.

A gabatarwar dokar, sarki ya ɗora laifin tsada duka a kan haɗamar 'yan kasuwa, ya yi kukan cewa soja yakan ƙarar da albashinsa a saye ɗaya. Bai ambaci gidajen buga kuɗinsa ba. Laktantiyus, wanda ya rayu a wannan zamani kuma ba ya ƙaunar Diyokilishiyan, ya ce an zubar da jini a kan ƙananan abubuwa, kaya suka ɓace daga kasuwa, tsada ta ƙaru, har dole aka bar dokar. Ko da mun rage wa maganar maƙiyi gishiri, takardun ciniki da busasshen yashin Masar ya adana sun tabbatar da cewa farashi bai bi doka ba. Labar zinariyar nan da aka yanke wa dinari 72,000 a 301, kafin shekara 60 su cika ana lissafinta da ɗaruruwan miliyoyin dinari.

Zinariya ga manya, tagulla ga talaka

Kwanstantin shi ne ake yaba wa da kawo kuɗi mai ƙarko. Wajen 310 ya buga solidus, kuɗin zinariya mai nauyin giram 4 da rabi, guda 72 a laba ɗaya ta Rumawa. Wannan kuɗi ya riƙe nauyinsa da kyansa wajen shekara 700, har cikin ƙarni na 11. Masu tarawa suna ƙaunarsa, kuma yana da kyau ƙwarai. Amma a tambaya, hannun wa yake shiga? Yana shiga hannun baitulmali, da manyan ma'aikata, da masu manyan gonaki, da soja a ranar kyautar sarki. Mai sayar da gurasa da mai ɗinkin takalmi cinikinsu da tagulla ne, tagullar kuwa kullum raguwa take yi. Folis ɗin nan mai giram 10 a 294, kafin 340 bai kai giram 2 ba.

Abin takaicin shi ne, gwamnati tana ba talaka tagulla, amma tana neman haraji daga gare shi da zinariya. Kwanstantin ya ɗora wa 'yan kasuwa da masu sana'a wani haraji da ake biya da zinariya da azurfa bayan 'yan shekaru, wanda marubucin tarihi Zosimus ya ce in lokacinsa ya zo har iyaye kan sayar da 'ya'yansu. Ba a soke shi a gabashin daular ba sai a 498, zamanin Anastasiyus. Ƙaramin ɗan kasuwa sai ya tara kwabbansa ya kai wa mai canji, kowace shekara kuma yana ba da fiye da na bara kafin ya sami solidus ɗaya. Wani marubuci na ƙarni na 4 da bai bar sunansa ba, a wata takardar shawara da ya rubuta wa sarakuna a kan sha'anin yaƙi, ya ce yawaitar zinariya tun zamanin Kwanstantin ta cika gidajen masu ƙarfi, ta ƙara danne marasa ƙarfi. Duk wanda ke karɓar albashi da kuɗin da ke narkewa, yana kuwa ganin waɗansu suna ajiya da kuɗin da ba ya narkewa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kwabban da kansu suna nuna wannan a fili. Daga 330 aka yi ta buga wani mai rubutun GLORIA EXERCITVS, watau ɗaukakar runduna, da hoton sojoji biyu da tuta biyu a tsakaninsu. Wajen 336 aka rage masa nauyi, wuri ya yi kaɗan, sai aka cire tuta ɗaya. Mai tarawa in ya jera biyun gefe da gefe, ya ga ragin da idonsa. A 348, shekarar da birnin Rum ya cika shekara 1,100 da kafuwa, 'ya'yan Kwanstantin suka fito da sabon kwabo mai rubutun FEL TEMP REPARATIO, ma'ana zamanin jin daɗi ya dawo. Wanda ya fi yawa a cikinsu yana nuna sojan Rum yana soke wani mahayi da dokinsa ya faɗi. An fara shi da nauyin giram 5 da wani abu, cikin shekara 10 ya koma rabin haka. Tun a 349 ma an kafa doka a kan masu narka shi don su cire 'yar azurfar da ke ciki. A Birtaniya da wasu lardunan mutane suka yi ta buga na jabu, ƙanana, har wasu rubutunsu ba ya karantuwa.

Haka abin ya ci gaba. Kaisar Balens ya buga kwabbai masu rubutun SECVRITAS REIPVBLICAE, watau amincin ƙasa, a 378 kuwa Gotawa suka kashe shi da mafi yawan rundunarsa a Adiriyanoful. Atalus, wanda Sarkin Gotawa Alarik ya naɗa a birnin Rum a 409, ya buga kuɗi mai cewa INVICTA ROMA AETERNA, Rum madawwamiya wadda ba a cin ta da yaƙi. A 410 Alarik ɗin nan ya shiga birnin ya washe shi kwana uku. A 445 wata doka ta Balantiniyan na uku ta nuna ana sayen solidus ɗaya a kan kwabo 7,200, kwabon kuwa ya koma kamar ƙwayar wake, nauyinsa wajen giram 1. A 476 aka tuɓe kaisar na ƙarshe a yamma.

Ba na cewa lalacewar kwabo ita kaɗai ta rushe daular. Gabashinta ya rayu har 1453, kuma yaƙe-yaƙen cikin gida da na kan iyaka suna da nasu kaso. Abin da nake cewa shi ne, littattafan wancan zamani manya ne suka rubuta su a kan manya, amma kwabon tagulla ya kwana a aljihun wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, ina ruwan ɗalibin da tarihin garinsu ma ba a gama rubutawa ba da kwabon Rumawa? Amsar tana bakinmu. Kalmar dinari, wadda malamai ke lissafin nisabin zakka da ita, daga sunan dinarin Rumawa Larabawa suka ɗauko ta, kuma dinarin zinariya da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga wajen 697 a kan ma'aunin solidus aka gina shi, da ɗan ragi. Fulus da Larabawa ke kiran kuɗi da ita daga folis ta fito. Har kalmar soja, wadda muka karɓa daga Turanci, in aka bi salsalarta za a tarar ta koma ga solidus, watau mutumin da ake biya da wannan kuɗi. Ban da harshe kuma akwai ƙasa. A 1925 aka buɗe wani tsohon kabari a Abalesa, cikin duwatsun Ahaggar na kudancin Aljeriya, wanda Buzayen wurin ke cewa na kakarsu Tin Hinan ne. Cikin kayan da aka samu akwai wani ɗan fallen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Kwanstantin. Wannan tambari yana cikin abubuwan da suka taimaka aka gane zamanin kabarin, ya kuma nuna cewa kayan Rumawa sun kutsa har tsakiyar Sahara.

Wannan misali ya kai mu ga rabin maganar na biyu. Da wani ya haƙe kabarin nan da dare, ya sayar da fallen zinariyar ga ɗan kasuwa, da yau ba abin da zai faɗa mana face cewa an taɓa yin wani sarki Kwanstantin, abin da kowa ya riga ya sani. Wurin da aka same shi, shi ne labarin.

Shaida da wurinta

Tun zamanin Diyokilishiyan kusan kowane kwabo yana ɗauke da alamar garin da aka buga shi, a ƙasan hoton baya. TR na nufin Tiriya ta Jamus, SIS Siskiya ta Kuroshiya, ANT Antakiya, ALE Iskandariya, CONS Ƙusɗanɗiniya, watau Santambul ta yau. Kusa da alamar akwai harafi da ke nuna sashen ma'aikatar da ya buga shi, don in an sami algus a san wanda za a kama. Saboda haka kwabon yana faɗin inda ya tashi. Inda ya sauka kuwa ƙasa ce kaɗai ta sani. In an haɗa biyun sai a ga hanyar da albashin soja ya bi, da inda ciniki ya kai, da shekarar da aka gina wani bango ko aka ƙone wani gari.

Ga misali mai kyau. A 2010 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da wata tukunya a gona kusa da garin Furum a kudu maso yammacin Ingila. Da ya ga bakinta sai ya mayar da ƙasa, ya sanar da hukuma. Masana suka zo suka kwashe ta hawa hawa, suna rubuta abin da ke kowane hawa. Aka sami kuɗi 52,503, masu nauyin wajen kilo 160, cikinsu har da fiye da 700 na Karawusiyus, wanda ya ɓalle ya mulki Birtaniya daga 286 zuwa 293. Domin ba a hargitsa ta ba, aka gane cewa tukunyar ba za ta ɗauku da wannan nauyi ba, sai dai an fara binne ta sa'an nan aka zuba kuɗin. Wannan ya sa wasu masana suke ganin ba ajiyar tsoro ba ce, wataƙila baiko ne da jama'ar wurin suka yi wa abin bautarsu. An yi wa kuɗin ƙima fam 320,250, mai gona da wanda ya gano suka raba, kuɗin kuma suna gidan tarihi na Samaset inda kowa zai iya gani. Ba wanda ya yi asara. Haka nan a Libiya, kusa da Misirata, a 1981 aka sami folis wajen 108,000 na tsakanin 294 da 333, waɗanda aka adana su tare aka yi shekaru ana nazarinsu.

Ga kuma misali mara kyau. A arewa maso yammacin Bulgariya, a bakin kogin Danub, akwai kufan birnin Ratiyariya. Tun bayan 1990 masu haƙar sata suka far masa, wasu har da motocin tonon ƙasa, suka mai da shi ramuka. A 1999 ma'aikatan kwastan na filin jirgin saman Farankfot suka tsare wani kaya mai nauyin kilo 60 na tsofaffin kuɗi daga Bulgariya, a kan hanyarsa ta zuwa Amurka. A Siriya, hotunan tauraron ɗan'adam na 2011 da 2012 sun nuna yadda kufan Afamiya ya cika da ramukan masu haƙa cikin watanni kaɗan bayan yaƙi ya ɓarke. Irin wannan haƙa ita ke ciyar da kasuwar kwabban da ake sayarwa da ƙasarsu a jiki, ɗari ɗari ko kilo kilo, ba a faɗin inda suka fito. Mai haƙa ba kwabon dala biyu yake nema ba, zinariya yake nema, amma kafin ya same ta ya farfasa kaburbura da tukwane da daɓen ɗakuna. Kwabban tagulla su ne ke biya masa kuɗin mai da na abinci har ranar da zai dace.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Sun ce kwabo ba kamar gunki ba ne, an buga irinsa miliyoyi, gidajen tarihi ba su da wurin ajiye su duka. Sun ce masu tarawa ne suka kafa wannan fanni na ilmi tun kafin jami'o'i su san da shi, kuma manyan littattafan fannin a kan tarin mutane aka gina su. Duk wannan gaskiya ne. Amma yawan kwabon bai mai da wurin da aka tono shi ya zama mai yawa ba. Kwabon Kwanstantiyus na biyu akwai dubbai irinsa, ɗakin da ya faɗi a cikinsa a Ratiyariya kuwa guda ɗaya ne, in an rushe shi ya tafi ke nan. Sa'an nan a Bulgariya da Turkiyya da Masar da Italiya doka ta ce abin tarihi da ke cikin ƙasa na ƙasa ne, saboda haka wanda ya fita ba da izini ba kayan sata ne, abokin ɓarawo kuwa an san sunansa. Mu da muka ga yadda aka yashe gumakan Nok bayan 1990 aka kai kasuwannin Turai, muna kuka, ba mu ne za mu ce na Bulgariya ba komai ba.

Abin da ya kamata

Ba ina kira a haramta tara tsofaffin kuɗi ba ne. Akwai hanya mai tsabta. Akwai kuɗin da ke hannun masu tarawa tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan fataucin kayan tarihi, suna da takardunsu. Akwai kuma waɗanda aka samu a Ingila aka rubuta su a rajistar hukuma, bisa dokar 1996 da tsarin rajista da aka fara a 1997, sa'an nan aka sayar da su a fili. Wanda zai saya ya tambayi mai sayarwa daga ina kwabon ya fito, a hannun wa yake kafin nan, tun yaushe. In amsar ita ce daga wani tsohon tari a Turai, ba suna ba shekara, ya riƙe kuɗinsa. In masu saye suka yawaita tambaya, dole masu sayarwa su nemi amsa.

In ya saya kuma, ya san amana ya ɗauka. Ya rubuta wa kowane kwabo takarda, da sunan sarki, da garin da aka buga shi, da nauyi, da faɗi, da inda ya saye shi da ranar, kada takardar ta rabu da kwabon har bayan ransa. Kada ya goge shi da yashi ko ruwan batir don ya yi ƙyalli, gama wannan koren da ke jikinsa kariya ce, ɗan shafen azurfar da ya rage kuwa yana cikin shaidar. Gara ya zaɓi abu ɗaya ya bi, kamar folis daga 294 zuwa 340, ya sayi ƙaramin ma'auni, ya jera su bisa shekara. Kwabo 12 da aka fahimta sun fi 500 da aka zuba a gwangwani.

Mu kuwa da kuɗin makaranta da na haya suka sha mana kai, ilmin nan ba sai mun saya ba. Babban kundin kuɗin kaisarorin Rum da aka fara wallafawa a Landan a 1923, aka kammala juzu'insa na 10 a 1994, Ƙungiyar Nazarin Kuɗi ta Amurka ta zuba bayanansa a intanet tare da hotuna daga gidajen tarihi, kyauta. Rajistar abubuwan da ake tsinta a Ingila ita ma a buɗe take ga kowa. Ina ba ƙungiyoyin ɗaliban Tarihi da na Tattalin Arziki shawara su haɗa kai a wannan zango, su ɗauki kwabo guda, ko FEL TEMP REPARATIO ne, su bi nauyinsa shekara shekara daga 348 zuwa 358, su zana shi a allo, su gayyace mu mu gani. Waɗanda a cikinmu za su zauna gobe a ma'aikatar kuɗi ko ta ciniki, su rubuta sanarwar da jama'a za su karanta, su suka fi kowa bukatar zama a sahun gaba a wannan rana.